Hukuncin Hana Yara Zuwa Makaranta a Makon Ƙarshe na Zangon Karatu

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, 'ya'yana uku ne a wata firamare ta kuɗi, je-ka-ka-dawo. Sun gama jarrabawa ranar Alhamis, amma makaranta ta ce sai Juma'a ta sama za a ba da hutu. A makon da ya rage ba a koyar da komai. Malamai suna ofis suna duba takardu, yara kuwa wasa kawai suke yi, su dawo da kaya duƙun-duƙun. Maigidana ya ce su zauna a gida, don kuɗin adaidaita sahu da kuɗin tara na mako guda ba ƙaramin abu ba ne, idan an tambaya kuma a ce ba su da lafiya. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Shin akwai zunubi a kanmu idan muka hana su zuwa? Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yar'uwa, asali shi ne yaran su je makaranta har ranar da aka ba da hutu. Idan akwai uzuri na gaskiya, kuka sanar da makaranta, babu zunubi su zauna a gida. Amma a ce ba su da lafiya alhali lafiyarsu ƙalau, wannan haramun ne, kuma shi ne abu mafi nauyi a cikin tambayar taki.

Zan fara da kawar da wata hujja da ake yawan kawowa ba a muhallinta ba. Wasu suna cewa hana yaro zuwa makaranta ko na yini ɗaya haramun ne, saboda hadisin Anas ɗan Malik da Ibnu Majah ya ruwaito cewa neman ilimi farilla ne a kan kowane Musulmi. Malamai sun fassara wannan ilimin da abin da baligi ba zai iya bauta wa Allah ba sai da shi, wato sanin Ubangijinsa da tsarki da salla da azumi da hukuncin sana'ar da yake yi. Sauran fannoni irin su likitanci da lissafi farillar kifaya ne, wato idan wasu suka yi sun ɗauke wa saura, kamar yadda Imam Gazali ya bayyana a cikin Ihya'u. Su yaran kuma ba mukallafai ba ne, an ɗauke musu alƙalami har sai sun balaga. Saboda haka ba za a ce wanda ya yi fashin mako ɗaya ya bar farilla irin ta salla ba, kuma ban goyi bayan masu tsananta magana har haka ba.

Nauyin yana kan iyaye ne, kuma ta ƙofar alƙawari da kiwo yake shigowa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce: "Dukkanku makiyaya ne, kuma kowannenku abin tambaya ne game da kiwonsa." Bukhari da Muslim ne suka ruwaito shi daga Abdullahi ɗan Umar. Allah Maɗaukaki kuma ya buɗe Suratul Ma'ida da cewa: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alƙawura." A hadisin Abu Huraira da Abu Dawud ya ruwaito: "Musulmi suna kan sharuɗɗansu." Ranar da kuka kai yaro makaranta, aka rubuta sunansa, kuka biya kuɗi, an ƙulla yarjejeniya. Ko ba a rubuta muku a takarda cewa zai zo har ranar ƙarshe ba, kowa ya san haka ake nufi, kuma ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce abin da aka sani a al'ada yana matsayin abin da aka sharɗanta. Ga kuma hukuma: a Najeriya dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu ya halarci firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan, kuma ma'aikatar ilimi ta jiha ita ke fitar da kalandar karatu. Bin shugabanni a abin da yake maslaha, wanda ba saɓon Allah a cikinsa, yana cikin umarnin aya ta 59 ta Suratun Nisa'i.

Maganar hutun yara ba sabuwa ba ce a mazhabarmu ta Malikiyya. Muhammad ɗan Sahnun, malamin Ƙairawan da ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta ɗan littafi a kan ladubban masu koyarwa, Adabul Mu'allimina. A ciki an iyakance hutun ƙaramar Salla da yini ɗaya, babu laifi a kai uku, na babbar Salla kuma uku, babu laifi a kai biyar. An ce idan yaro ya yi sauka malami zai iya sallamar yara na yini guda ko makamancin haka, amma ba ya ƙarawa sai da izinin iyayensu duka, domin shi ɗan ƙwadagonsu ne. Shi kuwa Nafrawi, a sharhinsa na Risala, ya kawo labarin cewa Sayyidina Umar ne ya sanya wa yara hutun Alhamis da Juma'a, bayan sun gaji da tafiyar taryensa lokacin da ya dawo daga Sham, kuma a kan haka makarantun allonmu suke tafiya har yau. Abin da za a ɗauka daga nan shi ne hutu haƙƙin yaro ne, amma yana da lokacin da aka yanka masa. Ba kowane gida ne zai yanka wa kansa ba, haka ma ba kowane malami ba.

Ki lura kuma, a maganar Ibnu Sahnun, wanda aka fara ɗaure wa wuya shi ne malami, ba uba ba. A nan nake son in ɗan tsaya, domin ƙorafin maigidanki yana da tushe. Makaranta ta karɓi kuɗin zango cikakke, na kimanin mako 13, ba ta rage ko kwabo ba saboda makon ƙarshe. Duba takardu da haɗa sakamako aiki ne na gaske, ba na raina shi. Wanda ya taɓa zama da tarin takardun aji guda ya san ba wasa ba ne. Sai dai wannan bai halatta a watsar da yara ba. Wanda ya leƙa wasu makarantun a irin wannan mako ya san abin da nake nufi: ƙofa a buɗe, maigadi yana gyangyaɗi a gindin darbejiya, malamai duk sun tattare a ɗaki guda da jan biro a hannu, 'yan aji biyu suna tsalle daga benci zuwa benci, wani kuma ya tsallaka titi wajen mai awara ba wanda ya san ya fita. Waɗannan yaran amana ce a hannun makaranta tun daga shigarsu har fitarsu. Idan wani abu ya sami ɗayansu saboda sakaci, akwai lamuni a duniya, akwai tambaya a lahira. A cikin wancan littafin na Ibnu Sahnun an hana malami ya shagala da wani abu ga barin yara a lokacin karatu, an kuma hana shi aikensu buƙatunsa. To ina ga wanda zai bar su mako guda? Haka nan malamin da zai miƙa wa manyan ɗalibai takardun 'yan'uwansu su duba masa, ko ya cike maki da ka don ya gama da wuri, ya shiga cikin faɗin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, a Sahihu Muslim: "Wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu."

Malamin albashi, a fiƙihu, ɗan ƙwadago ne keɓantacce, wanda aka sayi lokacinsa. Idan ya zo ya zauna a shirye, albashinsa halal ne ko da yaro ɗaya bai zo ba. Idan kuwa shi ne ya raɗa wa yara cewa "kada ku wahalar da kanku gobe", ba da izinin shugaban makaranta ba, don ya sami sarari, to ya ci amanar aikinsa. Amma idan hukumar makarantar da kanta ta sanar cewa zuwa a wannan mako ganin dama ne, shi ke nan, mai haƙƙi ya yafe, babu komai a kanku.

Duk da wannan, ban yarda cewa makon ba shi da amfani ba. A makarantar da ta san aikinta, a lokacin ne ake mayar wa yara takardunsu a yi gyara, kuma a wajen gyaran ne yaro yake gane inda ya ɓata lissafi, abin da jarrabawar kanta ba ta koya masa ba. A lokacin ne ake ba da aikin hutu, a share aji, a raba kyaututtuka, a ba da sakamako. Wasan ma da kika ambata ba asara ba ne gaba ɗaya. Gazali ya ce a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan karatu, domin hana shi wasa da tilasta masa karatu kullum yana kashe masa zuciya ya dakushe masa basira. Sharaɗin dai a sami babba yana kallonsu.

Abin da ya fi damuna shi ne darasin da yaro yake ɗauka ba tare da an faɗa masa ba. Idan duk zango yana gama jarrabawa aka ce ya zauna, zai taso da fahimtar cewa don jarrabawa ake karatu, kuma ƙarshen kowane aiki abin yarwa ne. Yawanci gidan da ke cin makon ƙarshe shi ne ke cin makon farko na komawa, a ce ai ba a fara komai ba tukuna. Mako 2 a kowane zango, zango 3 a shekara, mako 6 ke nan sun tafi. Malamai kuma suna fakewa da cewa yara ba sa zuwa, iyaye suna fakewa da cewa malamai ba sa koyarwa, kowa ya riƙe ɗan'uwansa hujja.

Uzurorin da ake karɓa sanannu ne. Rashin lafiya, musamman mai yaɗuwa kamar ƙyanda, a nan ma zaman gida shi ne daidai, saboda hadisin da ya hana a haɗa mara lafiya da mai lafiya. Tafiyar da ba makawa, rasuwa, fargabar hanya a wuraren da tsaro ya taɓarɓare, duk uzuri ne. Ƙarancin kuɗi ma uzuri ne idan da gaske ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin abin hawa ya koma. Allah yana cewa a Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 7, mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arzikinsa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Magidancin da zai zaɓa tsakanin cefanen gida da kuɗin adaidaita na makon da ba darasi, ba za a ce ya yi zunubi don ya zaɓi cefane ba. Amma wanda yake da hali, ƙyashi ne kawai ko son a huta da tashin asuba, ya saɓa alƙawari ba dalili, kuma mafi sauƙin abin da za a ce a kansa shi ne ya aikata makaruhi. Idan ya mai da shi ɗabi'a har karatun yaro ya cutu, ya shiga sakaci da kiwon da za a tambaye shi a kansa. Mutanen karkara da zango na uku ke ƙare musu a tsakiyar damina, idan buƙatar gona ta matsa, su je su nemi izini, sun fi kusa da uzuri a kan wanda zai cire yarinya daga aji ya ɗora mata farantin talla.

Akwai kuma halin da hana su zuwa shi ya fi, har yakan zama wajibi: idan kun tabbatar, ba zato ba, cewa babu mai kula da su kuma akwai hatsari, saboda ƙa'idar "babu cuta, babu cutarwa". Haka nan ranar fati, idan za a kawo kiɗan batsa a sa balagaggun yara maza da mata rawa tare. Wannan ranar kaɗai za a ƙaurace wa, ba makon duka ba. Taron raba kyaututtuka da musabaƙa da kacici-kacici kuwa babu laifi a cikinsu.

Sai batun ƙarya. Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amir cewa mahaifiyarsa ta kira shi yana yaro, Manzon Allah yana zaune a gidansu, ta ce zo in ba ka wani abu. Annabi ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Sai ya ce da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Idan wannan ne hukuncin rarrashin yaro, to yaya sa yaron da kansa ya tsaya gaban malaminsa ya ce zazzaɓi ya yi? Kun yi ƙarya, kun kuma koya masa ita da hannunku.

Game da maigidanki, kada wannan ya zama rigima a tsakaninku. Shi ne mai ciyarwa, shi ya san aljihunsa. Idan ya yanke cewa su zauna, ki bi shi, babu komai a kanki. A wajen ƙaryar ce kawai ba za ki bi shi ba, domin biyayya a cikin alheri take, kamar yadda ya tabbata a Bukhari da Muslim. Ki ba shi shawara cikin ladabi ya kira shugaban makaranta ya tambayi ranakun da za a yi gyaran jarrabawa da ranar ba da sakamako, yaran su je a waɗannan, sauran kuma ya faɗi gaskiya cewa kuɗin mota ne ya yi nauyi. Ba abin kunya ba ne, shugaban ma adaidaitar yake hawa ko man yake saye. Idan an kira taron iyaye da malamai, ya tashi ya nemi ɗayan biyu: ko a tsara wa makon aiki a sa malami a kowane aji, ko a matsar da jarrabawa kusa da ranar hutu.

Hukuncin Islamiyya ɗaya ne da wannan, sai dai ita uzurin "ba a komai" ya fi rauni a cikinta, tunda tilawa da bitar hadda ba sa jiran jarrabawa. 'Yan makarantar kwana kuwa, bai halatta a ce su sulale su taho gida ba tare da sanin hukumar makaranta ba, ko da iyaye ne suka turo kuɗin mota.

Allah ne mafi sani.