Hukuncin sa tsohon ƙuru sukuwa da ɗora masa kaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, daga ƙasar Gwandu nake rubuto maka. Ina da ƙuru da na gada wurin mahaifina, Allah ya jiƙan sa. A lissafinmu ya kai shekara 21. Da shi ake kai buhun gero kasuwa, kuma da shi ɗana yake hawan sallah. Bana samari sun shirya sukuwa bayan sallah, yaron ya nace sai ya shiga da shi, domin a zamaninsa babu mai gabansa a garinmu. Ni kuwa ina ganin idan ya tashi da safe ƙafafunsa a sage suke, sai ya ɗan taka sannan su sake. Shin akwai shekarun da shari'a ta yanke a daina aiki da doki? Kuma in na bar yaron ya shiga, ina da laifi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya saka maka da alheri da ka tsaya ka tambaya a kan dabbar da ba ta da bakin kai ƙara.

Shari'a ba ta yanke wasu shekaru ta ce daga nan a sauke wa doki sirdi ba. Abin da ta ɗora hukunci a kansa shi ne ƙarfin dabbar a yau, ba wanda aka san ta da shi jiya ba. Shehu Halil a Muhtasar, inda yake magana kan ciyarwa, ya ce wajibi ne mutum ya ciyar da dabbarsa idan babu makiyaya, in ya ƙi a sayar da ita, kuma ya haɗa wannan da ɗora aikin da ba a iyawa. Ka ga a mazhabarmu ta Malikiyya wahalar da dabba ba ƙaramin abu ba ne, har alƙali yana iya shiga tsakaninka da dukiyarka saboda shi.

Sukuwa a kanta halal ce. Imam Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi (SAW) ya sa an yi tseren dawaki a Madina. Amma dubi yadda ya tsara shi, domin a nan amsarka take. Dawakin da aka horar, aka rage musu kitse har jikinsu ya ɗaure, ya sa su taso daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, tazarar da Sufyan, ɗaya daga cikin masu ruwaito hadisin, ya ƙiyasta mil biyar ko shida. Waɗanda ba a horar ba kuwa sai ya yanka musu daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, wajen mil guda. Bai hana su gudu ba, bai kuma haɗa su layi ɗaya da horarru ba. Abu Dawud ma ya kawo cewa ya ƙara wa dawakin da suka cika ƙarfi nisa a kan sauran. To wanda ya rarrabe tsakanin horarre da wanda ba a horar ba, yaya kake gani zai yi da dokin da ya ba shekara ashirin baya, a ce ya kara da 'yan shekara biyar da shida?

Akwai kuma hadisin raƙumin nan na wani mutumin Ansar, wanda Abdullahi ɗan Ja'afar ya ruwaito a Abu Dawud. Raƙumin ya ga Annabi (SAW) sai ya yi kuka, idanunsa suka zubar da hawaye. Annabi ya shafe shi har ya natsu, ya nemi mai shi, ya ce masa ba zai ji tsoron Allah ba game da wannan dabba da Allah ya mallaka masa, domin ta kai ƙara cewa yana barin ta da yunwa kuma yana gajiyar da ita da aiki. Laifi biyu aka ambata, yunwa da gajiyarwa. Mu a nan mun fi kula da na farko. Mutum zai cika wa dokinsa komi da harawa da dusa da kanwa, ya ga ya sauke nauyi, sannan ranar hawa a bar shi ɗaure da sirdi da kayan ado tun hantsi har la'asar, ga mahayi zaune a kai yana gaisawa da jama'a. Alhali an hana mu mayar da bayan dabbobi mumbari.

Saboda haka ga abin da nake gani. Shigar da wannan ƙuru sukuwar gasa da matasan dawaki bai halatta ba, bisa siffar da ka bayar. Sagewar ƙafa da safe wadda ke sakewa bayan ɗan tafiya alama ce da aka sani ta ciwon gaɓoɓi a tsohon doki. Gudu iya ƙarfi a kan tsandauri, da zamiyar da samari ke so a ƙarshe inda ake fizgar linzami doki ya zauna a kan ƙafafun baya, su ne mafi munin abin da za a yi wa irin waɗannan gaɓoɓi. Ƙara da cewa sallolin 'yan shekarun nan suna faɗowa tsakanin Maris da Yuni, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, kuma tsohon doki ba ya huce zafi da sauri kamar matashin doki. Idan zato mai ƙarfi ya tabbata cewa cuta za ta auku, hukunci yana bin wannan zato, ba sai an jira ta auku ba. Kada ka manta kuma akwai rai na biyu a kan sirdin. Doki in ya yi tuntuɓe cikin sukuwa ba shi kaɗai yake faɗuwa ba. Kai ne mai doki, kai ne uban yaro, don haka in ka bari kana sane, laifin yana wuyanka kafin na yaron.

Wani abu da ya yaɗu yanzu, ina jan kunnen ɗanka a kansa tun kafin abokai su ba shi shawara: yi wa doki allurar kashe zafi ko ɗura masa ƙwaya dab da tsere don ɗingishi ya ɓoyu. Wannan haramun ne ta fuska biyu. An rufe wa dabbar bakin da take faɗin ciwonta da shi har ta ƙara lahanta kanta, an kuma yaudari abokan karawa. Magani don jinya bisa umarnin likita daban ne, shi kam abin nema ne.

Kada kuma ka fahimci maganata a kan cewa a ɗaure shi a turke a manta da shi. Wannan ma cutarwa ce. Ƙuru yakan yi tsawon rai, da yawa suna kai shekara 30, kuma zama wuri ɗaya yana ƙara sandarar da gaɓoɓi ya zubar da naman baya. Kilisa da sanyin safiya ko bayan la'asar ta fi masa zama. A fara da tafiya ta minti goma zuwa sha biyar kafin a nemi ko da sassarfa. Ɗanka yana iya hawan sallah da shi cikin ayari, a taka a hankali, da kaya marasa nauyi, a sauka a sassauta majayi duk inda aka tsaya, a ba shi ruwa, a bar jahi ga masu matasan dawaki. Buhun kasuwa kuwa a raba shi biyu ko a nemi amalanke, domin bayan tsohon doki yakan lotsa, sirdin da ya zauna masa daidai a da sai ya koma yana cin sa har ya yi miki.

Ma'aunin da za ka riƙe ba ya bukatar karatu. Bugun zuciyar doki mai hutawa yana tsakanin 28 da 44 a minti, ana jin sa a ƙarƙashin muƙamuƙi. Idan an sauka aka yi minti ashirin yana ta haki, ko washegari ya tashi da ɗingishi ko kumburin ƙafa, ko ya juya wa abinci baya, to aikin jiya ya fi ƙarfinsa, sai a rage. Ka duba bakinsa kuma. In kana ganin dunƙulen ciyawa da aka tauna aka zubar a gindin turke, ko ƙwayar gero na fita a kashinsa yadda ta shiga, haƙoransa sun ci, sai a riƙa jiƙa masa dusa. Ni malamin fiƙihu ne, ba likitan dabbobi ba, kuma Allah ya ce a tambayi ma'abota sani. Ka kai shi asibitin dabbobi a Birnin Kebbi ko ka kira likita ya duba shi. In likita amintacce ya ce gaɓoɓinsa lafiya suke, kuma aka haɗa shi da tsararrakinsa a gajeren zango, hukuncin hani ya sauka. Amma da abin da ka faɗa mini, ban sa ran haka ba.

Ranar da ya kasa komai, ciyar da shi yana nan a kanka. Sakin sa ya riƙa bin juji ba mafita ba ce. Kana iya kyautar da shi ga wanda zai riƙe shi, ko ka sayar, amma ka faɗi shekarunsa da ciwonsa, domin ɓoye aibi algus ne, kuma kada ka sayar wa wanda ka san zai kai shi ga abin da kai aka hana ka. Naman doki, a mashhurin mazhabar Malik, ba a ci, ko da yake Shafi'iyya da Hanbaliyya sun halatta. Sai dai malamanmu sun yarda a yanka dabbar da ba a cin namanta idan an ɗebe tsammanin warkewarta, don a hutar da ita. Ƙurunka bai kai nan ba.

Shi kuma yaron, in sukuwar ce ke ransa, ka aro masa matashin doki wurin 'yan'uwa, da sharaɗin kada mahaya su haɗa kuɗi wanda ya ci ya kwashe, domin wannan caca ce. Kyautar da hakimi ko wani mai hali ya sa daga aljihunsa babu laifi a karɓa.

Wallahu a'alam.