Tsofaffin kwamfutoci: wace za mu ci gaba da ɗauka, wace za mu sauke?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne muke rubuta wata manhaja mai buɗaɗɗen tushe ta ajiye sakamakon jarrabawar ɗalibai. Ɗayanmu ya dage sai mun daina fitar da ita don kwamfutoci masu 32-bit (tsohon tsarin da 64-bit ya gada), wai suna cinye mana lokaci. Ni kuwa ina tausayin makarantun da kwamfutocinsu duk na hannu ne. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin ku duba shekarun na'ura, ku tambayi kanku: a cikinku wa ke da irinta a kan teburinsa, yana gwada kowane sabon fitarwa a kanta? In babu, to kun riga kun sauke ta, faɗa ne kawai ba ku yi ba.

Haka manya ma suke yi. Masu Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, sun cire tallafin processor (ƙwaƙwalwar kwamfuta) 386 na Intel a sigar 3.8 a 2013, sun cire na processor ɗin Itanium a 6.7 a farkon 2024. Amma m68k, processor ɗin tsofaffin kwamfutocin Amiga da Atari, yana nan daram, duk da ya girme wa Itanium nesa ba kusa ba, saboda yana da masu kula da shi, in abu ya lalace su gyara.

Sai dai kada ku yanke hukunci daga ɗaki. A 2019 Ubuntu, wani nau'in Linux, ta ce za ta jingine 32-bit gaba ɗaya, masu Steam (dandalin wasannin kwamfuta) da Wine (mai gudanar da manhajojin Windows a kan Linux) suka yi ca, dole ta dawo ta bar wasu ɓangarorin. Ba ta san adadin masu jingina da su ba sai da ta taɓa.

Ni a ganina abokin naka yana da gaskiya a kan 32-bit, kai kuma tsoronka ba a nan gizo ke saƙar ba. Processor ɗin Intel Core 2 Duo da ya fito tun 2006, wanda ya cika ɗakunan kwamfuta na makarantu da shagunan buga takardu, 64-bit ne. Sau da yawa Windows ɗin da aka ɗora masa ne kawai 32-bit. Abin da zai kashe irin waɗannan shi ne ku harhaɗa manhajar a matakin x86-64-v2, wanda ke buƙatar processor mai wasu sababbin umarni da ake kira SSE4.2, kamar yadda Red Hat, kamfani mai fitar da nau'in Linux, ta yi a sigarta ta 9, domin Core 2 Duo ba shi da SSE4.2. Sai kuma cin RAM: manhajar da ba ta motsi a 2GB, malamin da ke shigar da maki da injin janareto na ƙara a waje ba zai sake buɗe ta ba.

Don haka ku tura wa makarantun saƙo, kowace ta ɗauko hoton shafin bayanin kwamfutarta. In masu 32-bit na gaske ba su wuce biyu ko uku ba, ku sanar da su tun da wuri, ku bar musu siga ta ƙarshe da za ku riƙa toshe wa ɓarakar tsaro zuwa ƙarshen shekarar karatu. In wani ya ce zai ɗauki nauyin gwajin, ku miƙa masa, ku rubuta a fili cewa wannan ɓangaren a wuyansa yake.