Sigarin lantarki ya fi taba sauƙin illa?

Ka tambaya ko gaskiya ne sigarin lantarki ya fi taba sauƙi, tunda jaridu kullum sai saɓani. Ya fi sauƙi, amma ba lafiyayye ba ne. Abin da ke kashe mashaya taba shi ne hayaƙin ganyen da aka ƙona, da kwaltar da ke maƙalewa a huhu. Shi kuwa sigarin lantarki ba ya ƙona ganye, ruwa mai nikotin (sinadarin da ke sa jarabar taba) yake dumamawa ya zama tururi. Shi ya sa a 2015 hukumar lafiya ta Ingila ta ce illarsa ta yi ƙasa da ta taba da kusan kashi 95 cikin ɗari. Cutar huhun da ta tayar da hankali tsakanin masu shan sigarin lantarki a Amurka a 2019 kuwa, yawanci ruwan wiwi da aka gauraya da sinadarin bitamin E ne ya jawo ta. Abin da ke ci min rai shi ne yara, waɗanda ɗanɗanon alewa da ake sa wa ruwan sigarin lantarki ke jefawa cikin jarabar nikotin. In ba ka taɓa sha ba, don Allah kada ka fara.