Daga rubuta manhaja zuwa zuba jari

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mai rubuta manhajar kwamfuta zai iya kafa kamfani har ya zuba jari a na wasu. Ƙwarai kuwa. Dubi Paul Graham, wani mai rubuta manhaja: a 1995 shi da abokinsa suka kafa Viaweb, manhajar buɗe shago a intanet, Yahoo ta saya a 1998. A 2005 da shi aka kafa Y Combinator, cibiyar zuba jari a sababbin kamfanoni, wadda daga baya ta zuba kuɗi a Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Legas.

Sai dai iya rubutun kaɗai bai isa ba. Ni dai shawarata, ka shiga Kantin Kwari ko Singa ka zauna da 'yan kasuwa, ka ga wahalar da suke sha wajen lissafin bashi a littafi. Fara da manhajar da za ta sauƙaƙa musu wannan, ka nemi masu biyanka tun da wuri.