Me ya sa rock ya yi sanyi amma metal bai yi ba?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da kiɗan rock na yanzu ya dusashe alhali heavy metal, wani reshen rock mai amon jita mai nauyi, na nan daram. A ganina, sai an duba wa kowannensu ya dogara da shi.

Rock ya yi tashensa ne da ƙarfin rediyo da tashar talabijin ta waƙoƙi MTV da manyan kamfanonin faifai. Da matasa suka koma sauraro ta waya, sai kasuwa ta juya masa baya. A 2017 rahoton Nielsen, kamfanin da ke ƙididdige cinikin waƙoƙi, ya nuna hip-hop da R&B sun sha gaban rock a Amurka a karon farko. Makaɗa da yawa suka shiga bin salon pop, suna rage amon jita don su samu shiga jerin waƙoƙin manhajar Spotify. Tsofaffin masoya suka watse, sababbi kuma ba su zo ba. Wannan yana min ciwo, domin jita da ganga da hannu ke kaɗawa su ne ran kiɗan.

Shi metal tun asali rediyo ba ta cika sa shi ba, don haka masoyansa suka saba nemo abinsu da kansu: faifai, riga, tikiti. Dubi Wacken, ƙaramin ƙauye a arewacin Jamus. Tun 1990 ake bikin metal a can, yanzu kusan mutum 85,000 ke zuwa. Haka filin Villa Park da ke Birmingham a Ingila ya cika a Yulin 2025 a taron bankwanan ƙungiyar metal ta Black Sabbath.

Sai dai metal ma na da nasa damuwar. Da yawa daga ƙungiyoyin metal da ke cika filaye tsofaffi ne: an kafa Iron Maiden a 1975, Metallica a 1981.