Me ya sa rabin furen ke fitowa dishi-dishi?

Ƙanena, ka ce ka ɗauki furen yakuwa dab da dab, bakin ganyensa ya fito tar amma cikinsa ya yi dishi-dishi, kana tambaya ko gilashin kamararka ne ya samu matsala. Gilashinka lafiyarsa lau. Haka ɗaukar kusa take: iya matsawarka, iya sirancewar wurin da zai fito ras.

Ga lissafin. A kamara mai cikakken sensa (sensa shi ne farantin da ke karɓar hoto a cikin kamara, cikakke kuma mai girman fim ɗin 35mm), in ka matsa har furen ya zauna a kan sensa daidai girmansa na zahiri, wato 1:1, kana kan f/8 (lambar f ma'aunin ƙofar hasken gilashi ce, iya girman lambar, iya tsukewar ƙofar), kaurin abin da zai fito tar bai wuce milimita 1 ba. Furen yakuwa kuwa, kamar na kuɓewa, zurfi gare shi, ga jan nan can ƙasa, ga sandar garin fure ta miƙo daga tsakiya. Ina milimita ɗaya za ta kai ka?

Mafi yawanmu sai mu ruga mu tsuke ƙofar haske. Yana taimakawa, amma da tsada. Daga f/8 zuwa f/16 kaurin ninki biyu kawai yake yi, haske kuwa ya ragu ninki huɗu. In ka zarce zuwa f/22 hoton gaba ɗaya yakan yi laushi, don haske na bazuwa idan ya ratsa ƙaramar kafa. Ga kuma ƙurar Yamai: duk ɗigon da ya kwanta kan sensa, a nan yake bayyana, baƙi-baƙi a sararin hoto. Ni tsakanin f/8 da f/11 nake zama.

Abin da ya fi biya shi ne ja da baya. In furen ya koma rabin girmansa a kan sensa, a f/8 ɗin nan dai, kaurin ya kusa milimita 3, ba tare da ka taɓa ƙofar haske ba. Sai dai in ka zo ka yanke hoton sosai a kwamfuta, ribar na raguwa, saboda haka bar masa ɗan fili a gefe.

Sannan ka duba tsayuwarka. Wurin da ke fitowa tar shimfiɗe yake kamar faifai a gaban gilashi. In ka fuskanci furen kai tsaye, bayan kamara na daidai da fuskarsa, gefunan ganyen duka za su faɗa cikin faifan. Ka karkace kaɗan, rabi ya fita. Fure mai zurfi irin na yakuwa ko kariya, sau da yawa ta gefe ya fi, yadda sandar tsakiya za ta kwanta a layi ɗaya. Kuma dole ka zaɓi abu guda da ido zai sauka a kai. Ni ƙwayoyin garin furen nake ba wa, sauran su narke yadda suka ga dama. Kashe fokas na otomatik, ka saita da hannu, ka riƙa ɗan gusawa gaba da baya da jikinka har ƙwayoyin su fito.

Wani dishi-dishin ma ba na fokas ba ne, iska ce. A lambunan bakin kogi, wajen Gamkalle ko Saga a Yamai, da hantsi ya ɗaga a lokacin hunturu fure ba ya tsayawa cik. Je da safe, dama lokacin yakuwa da kuɓewa ke buɗewa, kafin yamma sun yanƙwane. Kar saurin ɗauka ya gaza 1/250 na daƙiƙa, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kamara, zuwa 400 ko 800 ba fargaba, ka sa yaro ya tare maka iska da kwali. Mai lambun kuma a gaishe shi tukuna, kar a taka masa fangali.

Bayan hoto in kana so ya narke, ba sai ka wangale ƙofar haske ba. Nemi furen da ke nesa da darni ko bango.

In kuwa sai dai komai ya fito tar daga baki har ƙasa, hoto ɗaya ba zai yi ba. Ana kafa kamara kan maƙafa uku, a ɗauki hotuna da yawa ana gusa fokas kaɗan-kaɗan, a haɗe su a kwamfuta da manhajar Helicon Focus ko Photoshop. Wannan aikin cikin ɗaki ne, da furen da aka tsinko aka sa a ruwa, fanka a kashe.