Kifin gwal biyu a tankin lita 30: zai wadatar?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce an ba ka kifin gwal guda biyu, kowanne bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, yanzu suna cikin kwanon gilashi mai zagaye, kana shirin saya musu tanki mai cin lita 30, kana son ka ji ko zai ishe su. A gaskiya ba zai ishe su ba. Zai riƙe su na 'yan watanni idan ka dage da canza ruwa, daga nan ka koma neman wani.

Ba ka faɗi irin kifin ba, alhali a nan maganar take. Je ka dube su da kyau. Idan jikin dogo ne siriri, wutsiya ɗaya, ga saurin ninƙaya, to irin dogayen ne, su komet da shubunkin da na gama-gari. Waɗannan suna kai tsawon santimita 25 zuwa 30, wasu har su wuce. Idan kuwa jikin gajere ne mai tumbi, wutsiya a rabe biyu tana jan ƙasa, yana tafiya yana rangaji, to na ado ne, su oranda da riyukin da mai manyan idanun nan. Su kan tsaya tsakanin santimita 15 da 20. Duka biyun dangin kifin da ake kira kaf (carp) ne, a Sin aka fara kiwonsu sama da shekara 1,000 da suka wuce, kuma idan sun samu kulawa suna yin shekara 10 zuwa 15. Akwai wani mai suna Tish a Ingila da ya yi shekara 43 kafin ya mutu a 1999. Saboda haka abin da ke cikin kwanonka jarirai ne, tankin da ya kamata ka saya kuwa na manyan kifi ne.

Ma'aunin da yawancin masu kiwo ke bi ga na ado shi ne lita 75 ga kifi na farko, sai a ƙara lita 40 ga kowane kifi da aka ƙara. Ba doka ba ce, daga galan 20 da galan 10 na Amurka aka samo alƙaluman, amma ni dai ina ɗaukarsa a matsayin mafi ƙaranci. Biyunka ke nan suna buƙatar lita 115, ka ce 120. Idan dogayen ne, kada ka sauka ƙasa da lita 200, kuma ka sa a ranka cewa ƙarshenta ƙaramin tafki ne mazauninsu, don kifi mai santimita 30 da ke son gudu ba ya sakewa a akwatin da bai kai ninki huɗu na tsawonsa ba.

Mutane na jin waɗannan alƙaluma sai su ce an yi ƙari, wai ɗan kifi me zai yi da wannan ruwa duka. Ba wurin yawo ne kaɗai ake nema masa ba. Kifin gwal maciyi ne, ba shi da tumbin ajiye abinci irin namu, abin da ya haɗiye yana wucewa ne kai tsaye ta hanji, don haka yini yake yana ci yana kashi. Bayan kashin, yana fitar da sinadarin amoniya ta wurin numfashinsa da ke gefen kai, kuma amoniya guba ce gare shi ko da kaɗan ce. Ruwan da yake shaƙa, shi ne ban-ɗakinsa. Yawan ruwan shi ke tsinka gubar har matatar ruwa, wato na'urar da ke tace ruwan tanki, ta samu damar yin aikinta. A lita 30, ɗan abincin da yaro ya zuba fiye da kima ya isa ya ɓata ruwan cikin kwana ɗaya. A lita 120 kuskure iri ɗaya bai cika yin illa ba kafin ka farga.

Ga wani lissafi da ba a cika yi ba. Idan kifi ya tashi daga santimita 5 zuwa 15, tsawonsa ya ninka sau uku, amma ya ƙaru a faɗi da kauri ma, don haka nauyinsa ya ninka kusan sau 27. Ci da kashi kuwa girman jiki suke bi, ba tsawo ba. Shi ya sa tankin da ruwansa ke garau a watannin farko sai ya fara gurɓacewa ba tare da ka canza komai ba. Nawa guda biyu, oranda ne, a tanki mai tsawon santimita 120 suke. Idan na zauna kallonsu, sai su kafa kai ƙasa, su cika baki da tsakuwa, su tsotse, su furzar, ƙura ta tashi, su matsa gaba su sake. Haka suke yi yini guda. Ranar canza ruwa, abin da tiyo ke zuƙowa daga ƙarƙashin tsakuwar nan ya ishe ka hujja.

Za a ce maka kifi daidai girman mazubinsa yake girma, don haka in ka sa shi a ƙarami zai zauna ƙarami. E, yana tsumburewa, amma ba don ya ga dama ba, gurɓataccen ruwa da takura ne ke hana shi girma, kuma irin wannan bai cika daɗewa ba.

Siffar tankin ma abin dubawa ce. Iskar oksijin ta saman ruwa take shiga, don haka dogon tanki mai faɗi ya fi mai tsayi siriri ko da litarsu ɗaya. Kwano mai zagaye ya fi kowanne muni, bakinsa a tsuke, ga shi babu inda za ka maƙala matata. Ruwa kuma in ya yi ɗumi yana riƙe oksijin kaɗan, shi kuwa kifin gwal ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24. Idan ka ga naka sun taru a sama suna buɗe baki suna rufewa, musamman da sassafe, ba yunwa ba ce. Haka idan ka ga jan zane kamar jini a wutsiya, ko kifi ya naɗe fikafikansa ya kwanta a ƙasa, fara zargin ruwa kafin ka zargi cuta.

In ka je saye, tafi da tef ɗin awo, kada ka dogara da abin da aka rubuta a kwali. Auna tsawo da faɗi da tsayi a santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000. Mai 60 da 30 da 30 lita 54 ne. Mai 90 da 40 da 40 lita 144 ne, amma da yake ba a cika shi har baki, ga tsakuwa da kayan ado, abin da zai ci bai fi 120 da ɗoriya ba. Wannan shi nake ba ka shawara idan na ado ne. Ka kuma tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka da gilashi da tsakuwa za ka haura kilo 150. Ba kowane tebur ke ɗaukar wannan ba, kuma dole ya zauna daidai, ba karkace ba.

Babban tanki ba ya ɗauke maka matata. Nemi wadda za ta juya ruwan tankin gaba ɗaya aƙalla sau huɗu ko biyar a awa. A cikin sosonta bakteriya masu amfani ke zama, su ke mai da amoniya wani sinadari mai suna naitirait, sannan su mai da shi naitiret, wanda ba shi da illa sosai, kuma shi kake ragewa idan ka canza kwata ko sulusin ruwan duk mako. Bakteriyar nan sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu a sabon tanki. Da yake kifinka suna hannu, kwanon kuma ya fi sabon tankin haɗari, ka mai da su da zarar ka haɗa, ka rage musu abinci, ka riƙa canza ruwa kaɗan-kaɗan duk bayan kwana biyu, kana gwadawa da kayan gwajin amoniya. Ruwan famfo mai kulorin sai ka ɗiga masa maganin cire kulorin tukuna, soson kuma da ruwan tankin ake ɗauraye shi.

In gilashin ya fi ƙarfinka a yanzu, babbar roba mai tsabta da ke cin lita 100 ko fiye, wadda ba a taɓa zuba sabulu ko wani sinadari a ciki ba, da matata a jikinta, ta fi tankin lita 30 nesa ba kusa ba. Kifin bai damu da kyan mazubi ba. Ka duba wutsiyar ka gaya mana ɗaya ce ko biyu, sai mu san awon da za ka nema.